Kunnen Hagu

Sunana a takarda Tanimu.
A Barnawa, bayan sha biyun dare,
Ɗan Masaƙa suke kirana,
su ja wasalin ƙarshe kamar danƙo.

Ban fara da kiɗa ba, da dako na fara.
Oga Shekari ya dubi kafaɗata ya ce ta yi.
Shekara biyu ina jakin sifika,
ina naɗe waya, ina shaƙar hayaƙin janareta,
ina satar kallon yatsunsa,
yadda yake sakin waƙa kafin ta mutu
ya ɗaura mata wata a wutsiya
ba wanda ya ji ƙullin.
Daren da zazzaɓi ya kayar da shi
aka tura ni bayan tebur,
gwiwoyina suna kiɗan da ya fi na faifai sauri.

Taro madara ne a kan wuta:
ka kau da ido ta zube,
ka rage itace ta yi sanyi.
Ƙafa nake kallo, ba fuska ba.
Fuska ta iya ƙarya.
Kuma ƙafa ba ta faɗin ta inda ta tsallako gada,
ko daga Rigasa take, ko daga Narayi.
Da asuba ne kowa ke tuna sunansa
ya tare Keke ya nufi ɓangarensa na kogi.

Sai girman kai ya zo, da hularsa.
Na ce ni ma zan haɗa nawa wasan.
Na sayar da babur.
Fosta dubu biyu, da ƙullun rogo,
daga Kawo har Sabon Tasha
babu bangon da ban liƙa wa fuskata ba.
Na biya zaure, na biya motar mawaƙi daga Jos.
Ƙarfe huɗu na yamma rediyo ya ce
an sa dokar hana fita.
Kujera ɗari biyar.
Ni, da mai gadi, da ƙanƙara tana narkewa a duro.
Na kunna masa, tunda an riga an sayi mai.
Ya gyaɗa kai sau biyu, ya koma bakin ƙofa.
Shekara uku ina biyan wannan gyaɗa kan.

Yanzu ɗaki ɗaya ne a Kakuri,
bango ya sha kwalin ƙwai, kwamfuta mai tsagaggen gilashi.
Ina tsintar sauti kamar mai jari-bola:
cokalin mai shayi a cikin kofi,
kwandasta yana tsaga Kawo! Kawo!
tarin injin markaɗe, ruwa a kan kwano.
In yanka, in jera, in sa musu bugun zuciya.

Babana ya yi shekara ashirin da shida a masaƙa.
Da aka rufe ta, bai fito da komai ba
sai katin aiki da kunnuwa biyu matattu.
Bai taɓa kiran abin da nake yi sana'a ba.
Aikin dare, in ji shi, gadi ne kawai na mutunci.

Wata Laraba ya shigo aron tocila.
Na miƙa hannu zan kashe, ya riga ni,
ya ɗora tafinsa a kan sifika
kamar mai duba zafin jikin yaro.
Ya daɗe.
Ya ce: wannan inji na tara ne, layin taga,
amma ka ba shi wuta da yawa, zare zai tsinke.
Na rage gudu kaɗan.
Ya ce: yauwa.
Ya ɗauki tocila ya fita.

A asibitin kunne sun ce na hagu ya fara tafiya,
shi ne wannan fiton da ba ya ɗaukewa ko an ɗauke wuta.
Na karɓi takardar, na ninke, na sa a aljihu.
Juma'a ina da wasa.
Amma in ɗaki ya yi shiru, in ba kowa,
nakan cire abin kunne in ajiye,
in ɗora tafina a kan akwatin,
ina koyo tun da wuri.